Tseren jirage a tabkin Madarunfa: zai yiwu, ko Baban Nana mafarki yake?

Baban Nana (Ingila): Assalamu alaikum ƴan gida. Kwana biyu ban ce uffan ba, aiki ne ya sha kaina. Asabar ɗin da ta wuce wani Bature abokin aikina ya ja ni da iyali muka je kallon tseren jiragen ruwa a wani ƙauye mai suna Horning, ba nisa da Norwich inda muke zaune. Jiragen ba su amfani da inji, doguwar sanda ce a tsakiya da ƙaton ƙyalle, iska ke tura su. Ƙungiyar matuƙan ƙauyen ce ke shirya tseren duk shekara wajen farkon watan Yuni, tun 1961. Kogi uku ake bi, Bure da Ant da Thurne, tafiyar mil 50, wajen kilomita 80 ke nan, kusan daga Maradi zuwa Agye. Awa 24 ake ba kowa, don haka da yawa a kan ruwa suke kwana.

Mu gindin wata tsohuwar gadar dutse muka tsaya, a Potter Heigham, gadar ta haura shekara 600. Bakinta gajere ne ƙwarai, jirgi ba ya wucewa da sandarsa a tsaye. Sai ka ga jirgi ya taho a guje kamar zai daki dutsen, saura ƙiris su sauke ƙyallen, su kwantar da sandar, kowa ya duƙa, su shige da filafili, suna fita su sake tayar da ita. A wani jirgi na ga yarinya sa'ar Nana, shekara 12 haka, tana gaba da filafili, uwar na riƙe da igiya, uban na ta ihu a baya. Hularsa ta goge dutsen ta faɗa ruwa, bai ko waiwaya ba. A mota Nana ta ce mini, Baba, a Maradi akwai kogi? Na ce akwai Gulbi. Ta ce to me ya sa ba mu taɓa shiga jirgi ba in mun je hutu? Na rasa amsa. Shi ne na ce bari in kawo muku: za mu iya shirya wani abu irin wannan a gida, wanda mutum zai zo da matarsa da ƴaƴansa?

Tsalha Mai Moto: Yaya, wane Gulbin? Wanda nake tsallakewa da moto wata takwas a shekara? Sai dai mu yi tseren amalanke cikin rairayi, a ɗaura wa jaki zanen gado iska ta tura shi.

Baban Nana (Ingila): Tsalha ba ka canza ba. Ba Gulbi nake nufi ba, tabkin Madarunfa nake tunani. Kilomita 20 da ɗoriya ne daga gari.

Alhaji Mai Goro: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka gaida iyali. Amma ruwa ba abin wasa ba ne. Mahaifina ya sha ba mu labarin ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon gari can cikin fadama, ita ta sa Maradi ta hau tudun da muke kai yanzu. Mu da munka gudo ma ruwa da tabarmi bisa kai, yau mu za mu kwashi ɗiyanmu mu kai mishi? Bature na da ruwa shekara duka, an haife shi bakinsa. Mu namu baƙo ne, ya zo wata huɗu ya yi ɓarna ya wuce. Kokowa muna da ita, sukuwa muna da ita, langa ma yara sun manta ta. A raya waɗannan.

Maman Abdul: Baba Alhaji ya gama magana. Ni dai ko da kuɗi aka haɗa ni ɗana ba zai shiga ba. Daminar 2024, lokacin da ruwa ya yi ta rushe gidaje a garin nan, Abdul yana da shekara 9. Na aike shi sayen magi, ya bi abokansa can gangare wajen ramukan masu tubali. Ramin ya cika ya haɗe da ruwan hanya, ba ka gane inda ƙasa ta ƙare. Taku ɗaya ya yi ya ɓace. Yaran suka watse da gudu, babu wanda ya yi kururuwa don tsoron duka. Wani dattijo mai garka ne ya hango hannu, ya shiga har wuya ya jawo shi da kwalar riga. Aka kawo mini shi a kafaɗa yana aman jan ruwa, takalmi ƙafa ɗaya, dala goman magin tana dunƙule a hannunsa bai sake ta ba. Sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya ɗaya. Har yau in ana ruwa da dare sai na tashi na taɓa shi. Baban Nana, Allah ya raya Nana, amma ka bar mu da wannan zance.

Baban Nana (Ingila): Subhanallahi. Yaya, ban san wannan ya faru ba, Allah ya ƙara tsarewa. Ki yi haƙuri in na fama miki ciwo.

Ilu Madarunfa: Ina ta karantawa ina jiran in ga ko wani zai tuna tabkin yana da masu shi. Shiru. Ku mutanen birni haka kuke, kun ɗauka fili ne aka share ana jiran ku. Ni ɗan masunci ne, kakana ma masunci ne. Cikin ruwan nan akwai taru a shimfiɗe, akwai mamari mai ƙugiya ɗaruruwa, akwai gura a bakin ciyawa. Jirgi 20 su bi ta kai a guje, wa zai biya? Akwai sarkin ruwa, akwai dattawan su, ba a shiga sai da saninsu.

Na biyu, jiragenmu na katako ne, gindinsu a shimfiɗe, da gwangwala ake tura su inda ba zurfi, da filafili inda ya yi zurfi. Ka kafa wa irin wannan sanda da ƙyalle, iska ɗaya ta hunturu za ta kifar da shi.

Na uku, tseren da kuke cewa za ku kawo mana, muna yin sa tun ban san kaina ba. Duk safiya in an kwashe taru, samari na rige-rigen isa gaɓa don mai fara isa shi ke samun matan da suka zo sarin kifi da kuɗi a hannu. Ba kofi, ba alƙali, amma kowa ya san gwanin.

Tsalha Mai Moto: Ilu ya zo da zafi kamar tarwaɗa cikin mai.

Mushe Rabe: Maganar Ilu ta biyu gaskiya ce, bari in ɗan buɗe ta don na koyar da wannan a aji. Jirgin ƙyalle ba turawa kawai iska ke yi masa ba. In daga gefe ta zo, da wani kaso na ƙarfinta neman ture jirgin take yi gefe guda. Shi ya sa ake sa wani faffaɗan allo a ƙarƙashinsa, yana nutse cikin ruwa, shi ke hana shi zamewa, wasu kuma har da nauyi a gindi don kada ya kife. Da wannan allo jirgi na iya nufar wajen da iska ke fitowa, amma ba kai tsaye ba, sai a karkace, ya yi dama ya yi hagu kamar mai hawan tudu da kaya. A ƙaramin kogi wannan wahala ce babba, kafin ka juya ka kai gaɓa. Ina jin abin da ke sa kilomita 80 ta ci musu dare ke nan.

Iska kam muna da ita. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ta hunturu na busowa daga arewa maso gabas kusan kullum, a natse. Wadda za a ji tsoro ita ce guguwar gaban hadari da damina, mai zuwa daga gabas ba sallama. Saboda haka ko za a yi wani abu, ba da damina ba.

Baban Nana (Ingila): Mushe, haka yake, kuma har da ruwan teku da ke shigowa kogin ya koma, dole matuƙi ya lissafa lokacinsa. Akwai wurare huɗu da kowane jirgi zai je ya kewayo, amma kai za ka zaɓi wanda za ka fara da shi. Wanda ya karanci iska da ruwa daidai sai ya riga mai jirgin da ya fi nasa gudu. Kuma tunda jiragen ba iri ɗaya ba ne, ba mai fara isowa ke ci ba lalle, ana yi wa kowane irin jirgi lissafin lokacinsa. Shi ya sa tsoho da jikarsa a tsohon jirgin katako ke iya shiga ba kunya.

Wani abin dariya Alhaji, tabkunan yankin nan da suke taƙama da su, ba Allah ya yi su haka kai tsaye ba, ramuka ne. Mutanen da ne suka yi ɗaruruwan shekaru suna haƙar wata baƙar ƙasa da ake ƙonawa kamar itace, daga baya ruwa ya cika ramukan. Sai wajen shekarun 1950 aka gano haka. Kududdufi ne dai irin namu, nasu ya yi girma.

Alhaji Mai Goro: To ka ji. Ashe kududdufi kuka tahi kallo har da kuɗin mai.

Hajiya Ta Zariya: Ni abin da ban gane ba, don me sai mun kwaikwayi Ingila? Argungu na nan kusa da mu. Tun 1934 suke bikin kamun kifi a Matan Fada, akwai tseren kwalekwale, akwai iyo, akwai kamun agwagwa, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Yawuri ma suna da rigatarsu. Hausa suke ji, Hausa muke ji. In koyo ne a je can.

Baban Nana (Ingila): Hajiya, ban ƙi ba ko kaɗan. Kuma bari in faɗi gaskiya, da na sake tunani, ba ƙyallen ne ya burge ni ba. Abin da na gani a bakin ruwan ne. Kowane jirgi da lambarsa, an rubuta sunan duk wanda ke ciki. A wuraren kewayawa akwai jirage a tsaye da mutane cikinsu dare duka, suna rubuta wanda ya wuce. Akwai masu inji na ceto suna sintiri. Duk yaron da na gani a jirgi da rigar ruwa a ɗaure. Abokina ya ce ba sa tashi sai lissafin waɗanda suka fita ya yi daidai da na waɗanda suka dawo. Kuma masu wannan aikin ƴan ƙungiyar ne, sa kai suke yi. Wannan ne ba mu da shi, a ruwa ko a tudu. Mu sai an rasa mutum ake fara tambayar su nawa suka shiga.

Ilu Madarunfa: Yanzu ka zo inda nake so, Yaya. Masunta ba su cika nutsewa ba, mu tun muna shekara 6 ake ɗora mu kan gora a tura mu, ka sha ruwa sau biyu sau uku ka iya. Baƙi ne matsalar. Ranar da aka zo ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewayen tabkin, ko bayan salla, sai ka ga ƴan birni sun cika gaɓa kowa na son a zaga da shi. Jirgin mutum 5 sai a shiga 11, yaron da ke tuƙi ba ya iya hana su don kuɗi yake so kuma sun girme shi. Ana tsakiyar ruwa wata ta miƙe tsaye za ta ɗauki hoto, sauran su karkato gefe ɗaya don su fito a ciki. Bara da idona na ga bakin jirgi ya sha ruwa haka, Allah ya sa inda ruwan bai wuce ƙirji ba ne. Wata baiwar Allah hijabinta ya naɗe mata fuska da hannuwa, a ruwan da in ta miƙe tsaye za ta tsira, amma ta kasa gane sama da ƙasa. Ƙanena ne ya tsayar da ita. Ba wanda ya iya iyo cikinsu, ko ɗaya.

Majo Habsu: Tunda an zo nan bari in sa baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen 300,000 ke mutuwa ta hanyar nutsewa duk shekara, kuma ƙananan yara ne abin ya fi ci. Har rana aka ware masa, 25 ga Yuli. Mu nan duk damina muna ganin namu, yawanci ba a tabki ba, a kududdufi da ramin tubali da rijiya.

Abu biyu nake roƙo. In an ciro mutum, a daina juya shi kai ƙasa ana matsa masa ciki wai ruwa ya fita, lokaci ake ɓatawa kuma amai na iya komawa huhu. In ba ya numfashi, a kwantar da shi, a hura masa iska a baki, a danna ƙirji, wani ya nemo mota. In ma ya farfaɗo yana magana, a kai shi likita ranar, don ruwan da ya shiga huhu na iya tayar da ciwo bayan awoyi.

Na biyu, tsargiya. Ruwan kwance mai ciyawa yana da ƙananan katantanwa da ke ɗauke da ƙwayar, ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Yaro ya fara fitsarin jini a ce wai balaga ce. Akwai magani, shi ne wanda ake rabawa a lakwal, amma duk mai shirin kai yara tabki ya sa wannan cikin lissafi.

Alhaji Mai Goro: Kun ji ko? Ga nutsewa ga tsargiya. Mi ya yi saura?

Malam Na Mokoyo: Alhaji, a gafarce ni. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Koyon iyo ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu ne muka bar shi. Abin da zan ja hankali a kai shi ne cakuɗuwa. In za a koya wa ƴan mata, mata su koya musu, a wurinsu daban, da sutura. In an kiyaye wannan ban ga laifi ba.

Tsalha Mai Moto: Ni ina goyon baya saboda dalili ɗaya. Kun tuna Hamadu Jibo Isaka, ɗan ƙasarmu da ya je gasar Olamfik ta Landan a 2012 tseren tuƙin jirgi? Wata uku kacal ya yi yana koyo, ya zo na ƙarshe, Turawa suka miƙe suna ta tafa masa. To in wata uku ya kai mutum Landan, ni da na shekara 15 ina tuƙa moto cikin ruwan Sabon Gari, zinariya zan ɗauko.

Maman Abdul: Na ce ba zan ƙara magana ba, amma tun ɗazu maganar Ilu ke yawo a kaina, ta matar nan da ruwa bai wuce ƙirjinta ba. Ramin da Abdul ya faɗa, da rani na je na gan shi. Faɗinsa bai fi ɗakina ba. Da ya iya ko irin iyon kare ne, hannu huɗu zai kai shi gaɓa. Shekara biyu ina hana shi zuwa kusa da ruwa, na doke shi a kai ya fi sau nawa, kuma na san sarai yana zuwa in na juya baya, don ina ganin jan laka a wandonsa. Tsere dai ban yarda ba har yanzu. Amma Ilu, in akwai wanda zai koya masa a inda zan tsaya ina kallo, ina so.

Ilu Madarunfa: Akwai, Yaya. Akwai gefen da ƙasa ke da tauri, ruwan iya cinya, nan ake fara wa namu. Ƙanwar babana ma ta iya ruwa fiye da maza da yawa, ita za ta ji da ƴan mata in Malam ya yarda.

Malam Na Mokoyo: Na yarda.

Mushe Rabe: To ga yadda na fahimta, a gyara mini. A ajiye maganar ƙyalle da kilomita 80. Kwana kan ruwa ma ba ya cikin zance, kowa ya san halin tsaro ta wajen Gabi da dajin Baban Rafi, la'asar ta yi kowa ya kama hanya. A fara da koyon iyo bayan an ɗauke ruwa, lokacin tabki na cike kuma ya kwanta. In an samu yara ko 15 da suka iya, sai a roƙi masunta su yi tserensu da suka saba, amma a rana sananniya, a kewaya tabkin, kowane jirgi matuƙi ɗan gari ne, a ɗauki baƙo ɗaya ko biyu da rigar ruwa. Mai rubuta sunaye a gaɓa, ni na ɗauki wannan, rajista aikina ne. A sanar da ofishin magajin gari da ƴan kwana-kwana.

Baban Nana (Ingila): Mushe, ka rage mini mafarkin ya koma kamar ƙwayar gero, amma na karɓa. Rigunan ruwa na yara guda 20 a wuyana, zan zo da su a Disamba in Allah ya kai mu.

Tsalha Mai Moto: A ƙirga su da kyau. Disamba sanyi ake, kada ku ga ƴan kabu-kabu sanye da su a bakin tasha.

Hajiya Ta Zariya: Kai za a fara bincika. Ni kuma abincin ranar nawa ne, amma kifin a saye shi wurin masu tabkin, kada wani ya zo da kaji daga gari.

Alhaji Mai Goro: Ni ban canza ba, jikokina ba su shiga jirgi. Amma tunda kun nace, kada ku tahi wurin dattawan nan hannu sake kamar masu karɓar haraji. Ku biyo ta shago ku ɗauki goro ƙwarya guda, ni na ba da. Kuma wanda zai yi magana ya zama mai furfura, ba Tsalha ba.

Ilu Madarunfa: Allah ya saka, Baba. Zan fara gaya wa mahaifina yau da dare, shi zai san ta inda za a shiga wa sarkin ruwa. Ban yi alkawarin za su yarda ba, musamman maganar kwashe taru na yini guda, wannan sai an yi ciniki. In za ku zo, ku zo mota ɗaya, mutum huɗu sun isa, kuma a bar ɗaukar hoto ranar farko. Ku iso kafin ƙarfe 9, bayan nan tsofaffin sun watse gona. Maman Abdul, in za ki biyo su ki zo da shi ya ga wurin tukuna, ki sa masa tsohon wando.